Ka Zare Fis Ka Danna Hon

Kura,
Jihar Kano.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan ka isa wurin aikinka lafiya, kuma manoman da aka tura ka ka koyar sun karɓe ka hannu biyu. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare ka a kan hanya da inda babu hanya. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ba zan cika ka da labarin gida ba, don ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Kafin ka karanta sauran, tashi ka yi abu ɗaya. Ka je wurin babur ɗin da na ba ka, ka buɗe murfin gefe inda batir yake, ka zare fis, ka murɗa makulli, ka danna hon. In hon ya yi shiru, ka gode wa Allah ka mayar da fis wurinsa. In kuwa ya yi kuka alhali fis yana tafin hannunka, kada ka sake hawa babur ɗin nan ko da zuwa masallaci ne, sai ka karanta takardar nan har ƙarshe ka yi abin da zan gaya maka. Ko na yi kuskure a wayarin babur ɗinka ko ban yi ba, ni kaina ban sani ba, kuma rashin sanin nan ne ya hana ni cin abinci.

Idona ya tafi, Abba. Ka ga rubutun nan ɓaro-ɓaro kamar na ɗan aji ɗaya, da tsakar rana nake yin sa a bakin rumfar da nake gyaran wayarin babura, in rana ta karkata sai in ajiye sai gobe. Yanar ido ce ta rufe shi, ta daɗe tana tahowa, ni kuma na daɗe ina cewa hayaƙin babura ne. Ban gaya maka ba lokacin da kake shirin tafiya, don na ga kana murna, kuma girman kai bai bar ni ba.

Shekaranjiya Malam Shehu mai albasa ya turo babur ɗinsa tun daga hanyar Bunkure har bakin rumfata, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Tun kafin ya buɗe baki na ji warin ƙonanniyar roba. Ya ce, "Malam Garba, hayaƙi kawai na ga yana tasowa ta ƙarƙashin tanki. Wallahi da ban dire na fizge wayar batir ba, da yanzu wani zancen ake yi." Ni na yi masa sabon wayarin, a makon da na gama naka. Na zare fis na miƙa masa na ce ya duba mini ko zaren ciki ya tsinke, don aikin fis ke nan, ya ƙone a madadin babur. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Lafiyarsa ƙalau." Na ce ya riƙe shi tukuna. Na mayar da wayar batir, fis yana hannun Malam Shehu, na danna hon. Ya yi kuka. Tun da nake sana'ar nan ban taɓa jin ƙara mai muni irin wannan ba.

Ga abin da ya faru. Wayoyi biyu ne suke haɗuwa a kan batir. Ɗaya ja ce zalla, ita take kai wuta makulli, daga can ta rarrabu zuwa fitila da hon da sauransu. Ɗayar ja ce mai siririn ratsin fari, ita kuma caji take kawowa daga inji. A kan ja zalla ake sa fis. Ni kuwa na sa shi a kan mai ratsi, don ratsin nan ba na ganinsa yanzu. Na ajiye mai gadi a ƙofar da ɓarawo ba ya bi. Malam Shehu bai ɗaga mini murya ba. Cewa ya yi, "Allah Ya ba ka lafiya, Malam," ya kama babur ɗinsa ya tura shi tsallaken titi wurin wani. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Yana juya baya na tuna da naka, na tuna hannun nan ne ya yi su duka biyu, da idon nan.

Da ka iya sana'ar nan, da layi biyu sun ishe ni. Ba ka iya ba, kuma ni na jawo. Kana ɗan firamare kake zuwa rumfa bayan an tashi, kana miƙo mini filaya tun kafin in nema. Ranar da ka haɗa kan batir a juye wani abu ya ƙone a babur ɗin baƙo, na zabga maka waya a gaban mutane. Ka ce, "Baba, ban sani ba ne." Na ce wanda bai sani ba ya koma ɗakin uwarsa. Ka kuwa koma, ba ka sake taka rumfar nan ba sai dai in an aiko ka da abinci. Mahaifiyarka ta ce mini a ranar, "Malam, ka kore shi da hannunka, wata rana kai za ka neme shi." Na ce mata maganar mata ce. To ga ranar ta zo, ina nemanka da takarda, kana can bayan Birniwa inda ba na jin akwai mai gyaran wayarin babur ko ɗaya. Yanzu kai malamin gona ne. Duk manomin da ya tsaya gabanka ya ce bai sani ba, ka zaunar da shi, don wurinka ya kamata ya zo da rashin saninsa. In ka kunyata shi sau ɗaya a gaban mutane, ya tafi ke nan, zai ci gaba da gaishe ka amma ba zai sake tambayarka komai ba.

Bari in koya maka a takarda abin da na hana ka koya da hannu. Ba zai yi daidai ba, amma shi ya rage mini.

Wutar babur kamar ruwan kanal ɗinmu take. In gona ɗaya ce ta bushe, ƙofar ruwanta za ka duba. In duk gonakin layin ne suka bushe tare, ba ka tsayawa tonon gonar kowa, babbar ƙofa za ka nufa. In ƙwan fitila ɗaya ne ya mutu, duba shi da wayarsa. In kuwa ka ga fitila ta dushe, hon ya shaƙe, sigina ta ƙi ƙiftawa, duk a lokaci guda, to nemi abin da suka yi tarayya a kai: batir, fis, da wayar jiki. Wayar jiki ita ce wadda ake ɗaurewa da noti a jikin ƙarfen babur, ta nan wuta take komawa bayan ta gama aikinta. In hanyar komawa ta toshe, komai sai ya yi sanyi.

Wannan karatun a kan wani bawan Allah na koye shi, shi ya biya mini kuɗin makaranta da gonarsa. Shekarun da aka fara sakin ruwa a kanal, kowa ya sayar da tumatir sai ya sayi babur, ni kuma kaina ya kumbura, ina ganin babu wayar da za ta gagare ni. Malam Idi, wani manomi daga wajen Kadawa, ya kawo nasa, fitila kamar ta aci-balbal, hon kamar akuya mai mura. Ban tambaye shi komai ba. Na ce batir ne, ya sayo sabo. Ya dawo, na ce ƙwan fitila ne. Ya sake dawowa, na ce makulli ne. Ya yi ta zarya, kuma duk ranar da ya wuni a rumfata layinsa na ban ruwa wucewa yake yi, har irin tumatir ɗin da ya yafa ya ƙone a fili. Ranar ƙarshe da na rasa abin da zan ɗora wa laifi, na ɗaga kujerar babur, sai ga notin wayar jiki ya yi kore shar, ga fararen ƙwayoyin takin zamani sun cika wurin. Ashe buhun taki yake ɗaurawa a kan kujera, yana tsiyaya ta ƙasa, in ya taso daga gona kuma ya gangara kanal ya yi wa babur wanka. Taki da ruwa in suka haɗu, cin jan ƙarfe suke yi. Na kankare wurin da samfefa na ɗaure, komai ya tashi garau. Malam Idi ya dube ni ya ce, "Shi ke nan? Wannan ne?" Na ce shi ne. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Don haka kafin ka taɓa sukudireba, ka tambayi kanka me ka ɗauka jiya, ina ka bi, wane ruwa ka shiga. Ruwa ba ya tsami banza. Kai kuma aikinka zai sa ka fi kowa ɗaukar taki. Ka shimfiɗa buhu biyu a ƙarƙashinsa, kada ka watsa wa ƙarƙashin kujera ruwa, kuma lokaci-lokaci ka kwance notin nan ka goge shi har ya yi ƙyalli. Kada ka canza abu don kawai ka ga kana aiki. Mai canje-canje bai gano cutar ba ne, yana jin kunyar faɗa.

Karatu na biyu kuwa, ka san mutumin, amma ba na jin ka san yadda aka yi. Alhaji Isa dillalin tumatir, wanda yake tafiya yana buɗa ƙafa. Ana tsakiyar kakar tumatir ne, manyan motoci sun yi layi a bakin titin Zariya ana lodi zuwa kudu, ya zo a fujajan, fis ɗinsa yana ta ƙonewa. Na sa sabo, ya ƙone. Na ce, "Alhaji, waya ce ta goge a wani wuri, sai ka bar mini shi in bi ta." Ya ce, "Haba Garba, naɗa masa takardar sigari kawai mana, kowa haka yake yi. Mota na jirana, tumatir ba ya jiran kowa." Na san abin da takardar sigari take yi. Farar takardar nan mai ƙyalli tana wuce da wuta, amma ba ta ƙonewa a lokacin da ya kamata ta ƙone. Na sani sarai, amma Alhaji ne, ga mutane suna kallo, ba na so a ce aiki ya tsaya a hannuna. Na naɗa masa. Bai kai gonar ba wuta ta tashi a ƙarƙashin tanki, ta kama masa wando da babbar riga. Kanal ne ya cece shi, ya faɗa ciki. Cinyoyinsa sun saɓule, ya daɗe a kwance, har yau bai koma daidai ba. Kuma har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a shi yake riga ni miƙo hannu, ni kuwa in rasa inda zan sa fuskata.

Da aka kawo gawar babur ɗin na bi wayar, a wuya ta goge, daidai inda kan babur yake juyawa. Mutanenmu a nan suke rataya jarka da ƙaramin kwando, su zagaya igiyar roba a kan wayoyin su ja da ƙarfi, kullum kan yana juyawa yana cin robar waya har jan ƙarfe ya taɓa jiki. Aikin da bai fi a sha shayi a tashi ba, shi na ƙi tsayawa in yi. Sauri ya haifi nawa. Fis in ya ƙone ba shi ne mai laifi ba, ƙara ya kawo maka. Kada ka rufe masa baki da takardar sigari, ko zaren waya, ko ƙusa, ko wane ne yake tsaye a kanka yana duba agogo. Wayoyin nan a ƙarƙashin fetur suke bi, fetur ɗin kuma tsakanin ƙafafunka yake. Fis ɗin da aka sa a kan wayar da ba tasa ba kuwa, shi da takardar sigari duk ɗaya ne, shi ya sa ka ga hankalina ya tashi.

Yanzu ga abin da za ka yi in hon ya yi kuka. Fara cire wayar jiki daga batir, kada ka taɓa komai kafin wannan. Ka fitar da babur fili inda rana take, ka goge jajayen wayoyin nan biyu da tsumma mai ɗan kananzir, ka dube su da kyau da idonka mai lafiya. Ka cire gidan fis daga kan mai ratsin fari, ka haɗe bakinta da ya rabu, ka yanke ja zalla kusa da batir ka sa gidan fis a tsakaninta. In za ka haɗa waya, ka feƙe robar ba tare da ka yanke zaren ciki ba, ka murɗe su tam, in ka sami mai dalma ya ɗiga maka, masu gyaran rediyo suna da ita. Ka naɗe da baƙin tef. Ban ce leda ba. Na sha kwance wayarin da aka ɗaure da ledar burodi, zafin inji yana taɓa ta take narkewa. In ka gama, ka mayar da wayar jiki, ka sake gwajin nan: fis a hannu, hon shiru, fis a wurinsa, hon ya yi kuka. Kuma kada ka tsaya nan. Ka ɗaga tanki ka bi duk wayar da na haɗa, ɗaya bayan ɗaya, daga inda ta fito zuwa inda ta shiga. Wanda bai ga ratsin fari ba, ba ka san me kuma bai gani ba. Kada ka ce aikin Baba ne, ba ya buƙatar dubawa. Wancan Baban ya wuce.

In wata rana fis ya dinga ƙonewa, kada ka ƙarar da su wajen gwaji, don yanzu fis ma sai an je Kano, kuma ba kullum ake samu ba tun da kaya suka yi wuya. A cikin ƙullin da na haɗo da takardar nan za ka ga ƙwan fitila ƙarami da wayoyi biyu a jikinsa. Ƙwan gwajina ne. Ka zare fis, ka maƙala wayoyinsa biyu a bakin gidan fis, ka murɗa makulli, komai a kashe. In ya haska sosai, waya tana taɓa jiki a wani wuri. Sai ka riƙa juya kan babur hagu da dama, kana motsa wayoyi a hankali, kana zare mahaɗarsu ɗaya-ɗaya, idonka a kan ƙwan. Inda ka taɓa ya dushe, nan cutar take. In kuma inji ne ya ƙi tashi, ka kwance fulogi ka jingina shi a jikin inji ka buga kik. Shuɗiyar wuta lafiya ce, ja mai rauni kuwa akwai magana. Ni yanzu da yatsa nake gwadawa, in ta fizge ni in san tana nan. Kada ka bar ruwan batir ya ƙafe, don in batir ya mutu ka ja gudu, ƙwayayen fitila ne za su yi ta fashewa kana zargin masu sayarwa.

Abin da na sani ke nan, Abba, ga shi ya ƙare a 'yan takardu. Na ɗauka ya fi haka yawa.

Ba zan ɓoye maka ba, ina cikin baƙin ciki. Labarin Malam Shehu ya riga ya zaga, a garin nan magana ba ta kwana. Jiya babura suka yi ta wucewa ta gaban rumfa da kwandunan tumatir, ana ɗaga mini hannu, ba wanda ya tsaya. Ban ga laifinsu ba, ni ma da ni ne ba zan tsaya ba. Lokacin da ake rabon filayen noman rani mahaifiyarka ta yi ta roƙona in nemi ko da 'yar kadada, na ce mai sana'a a hannu ba ya shiga taɓo. Yau masu shiga taɓon suna da abin da za su bar wa 'ya'yansu, ni kuwa tawa gonar a cikin ido take, ga shi ta bushe. Kai ko nawa albashinka yake, ka nemi ƙasa ka riƙe. Na je asibitin ido a Kano, an ce in dawo in yanar ta nuna, kamar wani mangwaro. Ko an cire ta ma, zuciyata ta riga ta tsorata da waya. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni ga abu a tafin hannuna, sai na aika wa yaro takarda ya duba mini. Gobe zan kwashe kayan aiki in kai gida, rumfar kuma mai shayin da yake kusa da ni ya daɗe yana sonta.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ba zan iya ba shi ne a zo a ce mini hayaƙi ya tashi tsakanin ƙafafunka a cikin yashin can, inda babu kanal da za ka faɗa. Watanni na yi ina haɗa babur ɗin nan, ina tsintar kayansa ɗaya-ɗaya, don ban taɓa ba ka wani abin kirki ba, na ce bari in ba ka abin da na fi iyawa. Ranar da za ka tafi ka durƙusa ka ce, "Baba, Allah Ya saka da alheri, ko sabo bai kai shi ba." Na ji daɗi ƙwarai. Yanzu maganar nan ce take cina.

Na ba Ɗanlami direba takardar nan, wanda yake kai albasa wajenku, na roƙe shi ya sa ta a hannunka kada ya ba kowa ajiya. Kada ka bari ya juyo ba da amsa ba. Ba doguwar wasiƙa nake nema ba, ba zan iya karanta ta ba ma. Ka gaya masa da baki: hon ya yi shiru, ko hon ya yi kuka. In kuka ya yi, ka faɗa mini gaskiya, kada ka ji tausayina. Na fi son in ji kunya a gabanka da in ji ta'aziyyarka.

Allah Ya tsare ka daga wuta da ƙarfe da mugun ji da mugun gani. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama da idonka lafiya, Ya ba ka 'ya'yan da ba za ka kora ba. Ka yafe mini dukan nan na rumfa.

Ƙwan gwajin ka riƙe shi, naka ne, ba sai ka dawo da shi ba. Kafin in ƙulle shi na maƙala shi a batir na kira mahaifiyarka ta duba. Ta ce yana ci.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba.